Ku Tambayi Malamin Fiziks: Randa, Tartsatsin Bargo da Agogon Sama

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan karon sun yi yawa, kuma da dama daga cikinsu hunturu ne ya kawo su. Na ware na ɗaliban da ke turo mini aikin gida wai in warware musu. Kai ɗana da ka ɗauko hoton tambayoyin jarrabawa ka aiko, koma wurin malaminka, shi ake biya don wannan. Filin nan na tambayar da ta taso wa mutum ne a tsakar gida, ko a gona, ko a bakin sana'arsa, ta hana shi sakat.

Wata uwargida daga Tudun Jukun ta rubuto: "Malam, na sayi babbar robar ruwa mai murfi, amma ruwanta ɗumi gare shi, alhali na randar ƙasar surukata har haƙori yake kamawa. Kuma ita ma randar, da damina ba ta yin sanyi kamar yanzu. Mene ne dalili?"

Hajiya, je ki shafa bayan randar nan da tafin hannunki. Za ki ji danshi, ki kuma ga yashin da aka girke ta a kai ya jiƙe. Yumɓun da aka gasa yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke tsattsafowa a hankali, iska ta shanye shi. To ruwa ba ya komawa tururi sai ya sami zafi, kuma zafin da ya fi kusa da shi shi ne na jikin randar da na ruwan da ke ciki. Duk ɗigon da ya bi iska, ya tafi da wani abu daga zafin ruwan da za ki sha.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawan zafin da ke tafiya. Kafin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya, ana buƙatar kilojul 4.2 na makamashi. Kafin kuwa a mai da wannan litar tururi, sai an sami kimanin kilojul 2,400, wato sama da ninki 500. Ki ɗauka randar tana cin lita 20. Idan kofi ɗaya tak, mililita 200, ya bi iska, zafin da ya kwashe ya isa ya sauke sauran ruwan da kusan digiri 6. A zahiri ba a samun duka shidan, domin iskar waje tana ta mayar da zafi ciki. Shi ya sa iyayenmu ke girke randa a inuwa, inda iska ke ratsawa, su kuma tara mata yashi a gindi. Roba ba ta da ƙofa ko ɗaya, saboda haka ruwanta zai tsaya ne daidai da zafin ɗakin. Haka ma randar da aka shafa wa fenti don kwalliya, ko aka lafta mata siminti wai don kada ta yi yoyo: an kashe ta ke nan. In kuma ta tsufa, gansakuka da gishirin ruwa sun toshe ta, a kankare ta ciki da waje, za ta farfaɗo.

Batun damina kuma, a watan Agusta iskar Zariya ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin ƙari. Ai kin san yadda shanya ke kwana a igiya ba ta bushe ba. A Janairu kuwa busasshiyar iska ce ke saukowa daga Sahara, laimarta takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, tana lashe duk danshin da ta tarar, har na leɓe da diddige.

Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, da wannan ilimin ya yi suna. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga tumatir da yalo da alayyahu suna daɗewa ba su lalace ba, babu lantarki babu ƙanƙara. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. Ni dai da za a bi ta tawa, da kowane ɗakin gwajin sakandare an ajiye tukwanen nan biyu da ma'aunin zafi kafin a fara sa yara haddar ma'anoni.

Wata amarya daga Hanwa ta ce: "Idan ina sauri nakan ƙure wutar gas don wake ya nuna da wuri, maigida ya ce ɓarna nake yi. Wa ke da gaskiya?"

Amarya, ki yi haƙuri, maigida ne. Da zarar ruwa ya tafasa, zafinsa ya tsaya cak. Duk wutar da kika ƙara tana tafiya ne wajen mai da ruwan tururi, sai ya ƙone ki ƙara wani, waken kuwa yana nan yadda yake. A bakin teku, kamar Legas, ruwa na tafasa a digiri 100. Nan Zariya, da muke sama da teku da mita ɗari shida da 'yan kai, matsin iska ya ɗan ragu, yana tafasa a wajen 98. A Jos ma 96 ne. Da ya tafasa, ki rage wuta ki rufe tukunya. In saurin gaske kike so, sai tukunyar nan mai murfin kulle da ke huci: tana tsare tururi, matsi ya ƙaru, zafin ya kai kusan digiri 120. Ko kuma ki jiƙa waken tun dare, wannan ba ya cin ko sisi.

Wani direba da ke lodi a Kwangila ya ce: "Tun da sanyi ya shigo, in na fito daga mota na taɓa ƙofa sai in ji ta ja ni. Na kai wa mai gyaran waya ya ce babu komai. Ko batir ne ke yoyo? Da dare ma bargona yana tartsatsi."

Malam direba, kada ka ƙara kashe kuɗi, mai gyara ya yi maka gaskiya. Batirin mota bolt 12 ne, ko ka kama kawunansa biyu da busasshen hannu ba za ka ji komai ba. Wutar daga jikinka take fitowa.

Kowane abu yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektron. In abubuwa biyu mabambanta suka gogi juna, ɗaya yakan kwashe wa ɗayan nasa. Ka wuni bayanka na gugar kujera, musamman in rigar yadi ce mai roba-roba, sannan ka zame ka fito. Caji ya taru a jikinka, takalmin roba ya hana shi sauka ƙasa. Kana miƙa yatsa wajen ƙarfe sai ya yi tsalle. Kafin tartsatsi ya ƙetare tazarar milimita ɗaya ta busasshiyar iska, sai an sami kimanin bolt 3,000. To ka ji abin da kake yawo da shi.

Na san za ka ce, wutar gida mai bolt 230 tana kisa, yaya dubu uku ba ta yi? Ɗigon ruwa ɗaya, ko daga ƙololuwar Dutsen Kufena ya faɗo maka, ba zai ji maka ciwo ba. Rafin Kubanni kuwa in ta kawo, ba daga tsauni ta faɗo ba, amma tana tafiya da ƙato. Bolt shi ne tsawon, abin da ke illa kuma yawan wutar ne da daɗewar da ta yi tana ratsa jiki. Cajin jikinka ɗan mitsitsi ne, kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Ta soket ba ta yankewa.

Da damina ba ka jin haka saboda danshi ya lulluɓe komai, caji na zirarewa kafin ya taru. Maganinsa yanzu: ka riƙe ƙarfen ƙofar tun kafin ka tashi daga kujera, kada ka saki sai ƙafarka ta taka ƙasa. Inda abin yake da haɗari shi ne gidan mai. In za a zuba maka fetur a jarka, sauke ta ƙasa tukuna, kada a zuba tana cikin but ko a bayan a-kori-kura, domin tartsatsi ɗaya ya ishi tururin fetur.

Wani manomi daga Shika ya ce: "Ina huɗa na tono wani baƙin dutse mai santsi, bakinsa kamar na gatari. Dattawa suka ce gatarin aradu ne. Da gaske aradu na jefo dutse? Kuma don me ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa?"

Baba, adana dutsen nan da kyau, abu ne mai daraja, amma ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka zauna ƙasar nan tun kafin a san ƙira ne suka wasa shi da hannunsu, suka ɗaura masa ƙota suna sara da shi. Ana tono irinsa a wurare da yawa a Afirka ta Yamma, kuma har a Turai mutanen da sun ɗauka na aradu ne. Dalili a bayyane yake: ruwan sama mai ƙarfi ne ke wanke ƙasa ya fito da shi, sai a tsince shi washegarin hadari.

Aradu kuwa ita ce tartsatsin bargon direban can, amma na gajimare. A cikin hadari ƙanƙara da ɗigon ruwa suna ta karo, caji na rabuwa, har ya fi ƙarfin iskar da ke tsakani ya keta ta. Hanyar da ya bi takan yi zafin da ya kai digiri 30,000, ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar wurin ta buɗe farat ɗaya, wannan bugun shi ne tsawa. Shi ne kuma ke tsaga bishiya, don ruwan cikinta ya zama tururi nan take.

Walƙiya da tsawa tare suke tashi. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa mita 340 kacal. Bana in damina ta faɗi, ka gwada: da ganin walƙiya fara ƙirga daƙiƙoƙi, kowace uku kilomita ɗaya ce tsakaninka da inda ta faɗi. In kana gona ka ji tsawa, komai nisanta, ka ajiye garma ka nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe. Kada ka fake gindin ɗorawa ko kukar da ta tsaya ita kaɗai a fili, a nan ake yawan rasa mutane da shanu. Ka kuma ba da rabin sa'a bayan tsawar ƙarshe kafin ka koma.

Wani yaro daga Sabon Gari yana son sanin abin da ya sa wuta ba ta jan tsuntsun da ya sauka kan wayar lantarki. Ɗana, ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, bolt ɗinsu ɗaya, wuta ba ta da dalilin bi ta jikinsa. Ranar da jemage ko ungulu ta haɗa waya biyu da fikafikanta, a ƙasa ake tsintarta. Kai kuma ƙafarka a ƙasa take, don haka kada ka kuskura ka zunguro komai daga waya, ko da sanda ne.

Wani mai shago a Samaru ya ce: "An ce akwai nukiliya a cikin jami'a. In haka ne me ya sa ba a ba mu wuta daga can? Kuma ba za ta tashi da mu wata rana ba?"

Alhaji, akwai ta. Tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, sunanta NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki a 2004, kuma ita ce ta farko a Nijeriya. Amma ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne na zafi, daidai da dutsen guga talatin masu wat dubu-dubu. Ko layinku ba za ta riƙe ba, kuma ba a haɗa ta da injin da ke ba da lantarki ba tun farko. Aikinta bincike ne. Ana saka ɗan samfurin ƙasa, ko taki, ko ma'adini, ko hatsi a kusa da zuciyarta, inda man yuraniyom yake, ƙwayoyin nutron da man ke fitarwa su buge shi, sai kowane sinadari da ke ciki ya fitar da haske na daban wanda na'ura ke karantawa. Ta haka ake gane abin da ke cikin samfurin komai ƙanƙantarsa.

Batun fashewa, kwantar da hankalinka. Zuciyar tata ko santimita 30 ba ta kai ba, a nutse take cikin ruwa, kuma an ƙera ta yadda in ruwan ya yi zafi aikin da kansa yake lafawa. A 2018 ma an cire man farko, yuraniyom mai inganci kusan kashi 90, aka mayar da shi Sin, aka sa mai kashi 13 wanda ba ya yin makami. Hukumar kula da nukiliya ta ƙasa da ta duniya duk suna sa mata ido. Ni da za a tambaye ni abin da ya fi barazana ga ran mai shago a Samaru, janaretan da ake kunnawa a lungun da ba iska zan nuna.

Tun da kai mai sayen kati ne na mita, ga wani lissafi. Albert Einstein ya nuna a 1905 cewa nauyi da makamashi abu ɗaya ne, ana iya juya wannan ya koma wancan. Giram ɗaya, in ya koma makamashi gaba ɗaya, ya kai yunit miliyan 25 na irin wanda mitarka ke ci. Sai dai a tashar nukiliya, sai an fasa kilo guda na yuraniyom kafin giram ɗayan nan ya ɓace.

Wata ɗaliba daga Wusasa ta ce: "Malam, na ji an ce lokaci yana tafiya a hankali ga mai gudu sosai. Wannan ba tatsuniyar fim ba ce?"

'Yata, wayar da kika turo wannan tambaya da ita tana dogara da shi kullum. Taswirar da ke nuna miki inda kike tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, da gudun kusan kilomita 14,000 a sa'a. Kowannensu na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta aiko da saƙon ƙarfe nawa ne a wurinsa. Wayarki na duba jinkirin isowar saƙo daga aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa inda kike tsaye.

To ga inda Einstein ya shigo, har sau biyu. A 1905 ya ce agogon da ke gudu yana jinkiri in an gwada shi da na wanda ke tsaye. Wannan na sa agogon tauraron ya makara da kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana. A 1915 ya ƙara da cewa inda jan ƙasa ya fi ƙarfi lokaci ya fi nawa. Mu muna ƙasa, tauraron na can inda jan ya yi rauni, don haka agogonsa na riga namu da kashi 45. Ki cire 7 daga 45, saura 38. Kamar ba komai ba, ko? Ki ninka shi da gudun haske: kilomita 11 ke nan. Da injiniyoyi ba su gyara wannan bambanci ba, da kuskuren da zai taru a yini ɗaya ya isa ya ɗauke ki daga unguwarku ya ajiye a wani ƙauye.

Kada ki ɗauka agogon ne ya lalace. Duk abin da ke cikin tauraron haka yake tafiya, da mutum ne a ciki, da bugun zuciyarsa ma haka. An kuma gwada tun 1971, lokacin da masana biyu, Hafele da Keating, suka ɗora irin waɗannan agogai a jiragen fasinja suka kewaya duniya, suka dawo suka tarar sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya ce. Abin da ya sa ba ma lura shi ne, duk gudun da muka sani, har na jiragen horo da ke shawagi a kanmu daga kwalejin tuƙin jirgi, bai kai komai ba a gaban na haske. Fim yana ƙara gishiri ne a yawan bambancin, amma tushen maganar gaskiya ne.

Na ƙarshe, wani ladan daga Ƙofar Doka: "Za mu faɗaɗa masallacin unguwa, an sami saɓani kan alƙibla, wayoyin mutane kowacce da inda take nunawa. Akwai hanyar da ba ta waya ba?"

Allah ya gafarta Malam, akwai, kuma ta fi ta waya tabbas, domin kamfas ɗin waya yana ruɗewa kusa da rodi da kwanon rufi. Makka tana digiri 21.4 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, kuma saboda karkatar duniya da digiri 23.4, sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. Makka na gabanmu da sa'a biyu, wato a nan 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba.

Kada a kalli ranar da ido. A sami shimfiɗaɗɗen fili, a rataya dutse da igiya ya tsaya ƙyam ba motsi, a daidaita agogo da na rediyo. Da lokacin ya yi, a ja layi a kan inuwar igiyar. Wanda ya tsaya a kan layin, rana na gabansa inuwarsa na bayansa, yana kallon alƙibla. Za ku tarar ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin digiri 23. Ina ba ku shawarar ta Mayu, don a Yuli hadari kan rufe sama, kuma in an makara da kwana ɗaya kuskuren ba abin damuwa ba ne. In ginin ba zai jira ba, a kira safiyo ya auna da na'urarsa, ya ɗauki digiri 67 daga arewa ta gaskiya zuwa wajen gabas, sannan in Mayu ta zo a tabbatar da igiya a gaban jama'ar da suka yi saɓanin.